Gidajen kula da tsofaffi: A duba halin ma'aikata tun kafin su galabaita

Ranar 1 ga Oktoba ta kowace shekara tana zuwa wa Najeriya da bukukuwa biyu. Ita ce ranar samun 'yancin kai, ita ce kuma Ranar Tsofaffi ta Duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware. A irin wannan rana jami'ai kan kai ziyara gidajen kula da tsofaffi da buhunan shinkafa da katan-katan na sabulu, a yi jawabai kan darajar furfura, a ɗauki hotuna, a watse. Da wuya a ji an ambaci matar da ta kwana a tsaye kafin baƙin su iso, ta yi wa tsofaffin wanka, ta sauya musu tufafi, ta zaunar da su a inuwa. Wannan jarida tana ganin lokaci ya yi da hukumomi za su waiwayi waɗannan ma'aikata, domin lafiyar tsohon da ke kwance tana rataye ne a kan lafiyar mai jinyarsa.

Gaskiya ne al'adar yawancin 'yan Najeriya, musamman a Arewa, tana ƙyamar kai mahaifi gidan da ba nasa ba, kuma ana kallon hakan a matsayin butulci. Sai dai zamani ya riga ya sauya tsarin zaman iyali. 'Ya'ya sun warwatsu neman abinci, mata da miji duk suna fita aiki, ɗakunan haya a birane ba su ɗaukar babban gida. Akwai kuma tsofaffin da ba su da kowa. Shi ya sa gidaje irin na Yaba da na Mushin a Legas da na Shahuci a Kano suka daɗe suna aiki, ga kuma sababbi na 'yan kasuwa da ƙungiyoyin addini da ke buɗewa a Abuja da sauran manyan birane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa nan da shekarar 2030 mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60 ko fiye, kuma nan da 2050 adadinsu zai kai biliyan 2.1, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki. Buƙatar masu kula da tsofaffi ƙaruwa za ta yi.

Wanda bai taɓa jinyar tsoho ba zai yi wuya ya san nauyin aikin. Mai shanyewar ɓarin jiki sai an ɗaga shi daga gado zuwa keke, daga keke zuwa banɗaki, sau da yawa a wuni. Wanda ba ya iya motsi sai an riƙa juya shi kusan duk bayan awa biyu, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya fito masa. Mai ciwon suga da mai hawan jini kowa da lokacin maganinsa da irin abincinsa. Mai gigin tsufa kuwa yakan maimaita tambaya ɗaya har ta gundiri mai amsawa, ya zargi mai kula da shi da sata, ya kai mata duka, ko ya fice da tsakar dare neman gidan da ya baro shekaru aru-aru. Bayan wannan duka akwai mutuwa. A asibiti ana sallamar marar lafiya idan ya warke. A gidan tsofaffi, ma'aikaciya takan yi shekaru tana kiran mutum Baba ko Mama, sannan wata safiya ta rufe masa ido, ta gyara gadon domin wani.

Gajiyar da irin wannan aiki ke tarawa tana da suna a wurin masana. Tun a 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kanta bayan ya ga yadda masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta suke rasa karsashi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta a kundinta na rarrabe cututtuka, bugu na 11, inda ta ce lamari ne da ke tasowa daga matsin aiki mai tsawo da ba a magance ba. Ta ba shi alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, nisantar aikin a zuci har mutum ya riƙa jin haushinsa, da raguwar iya gudanar da shi yadda ya kamata. Abin lura shi ne hukumar ta danganta shi da wurin aiki. Ma'ana, idan ma'aikata suka galabaita, tsarin aikin ne ya kamata a fara bincika kafin a zargi haƙurinsu ko imaninsu.

Illar ba ta tsayawa a kan ma'aikaci. Wadda ta yi kwana uku ba ta samu barcin kirki ba ita ce za ta iya haɗa maganin wani da na wani, ko hannunta ya suɓuce tsoho ya faɗi ya karye a ƙugu. Wadda zuciyarta ta bushe ita ce za ta daka wa dattijo tsawa, ko ta bar shi cikin fitsari har gari ya waye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a binciken da aka tattara daga gidajen kula da tsofaffi, ma'aikata biyu cikin uku sun amsa da bakinsu cewa sun aikata wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda. Babu uzuri ga mai wulaƙanta tsoho, kuma hukunci ya wajaba a kansa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Gidan da ya bar mutum ɗaya da tsofaffi masu yawa a aikin dare ya riga ya shirya wa kansa abin kunya, ko da wa aka ɗauka aikin.

A Najeriya matsalar ta haɗu da talauci. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu kan dokar da ta kai mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, amma dokar ba ta tilasta wa wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma ƙananan gidajen tsofaffi a nan suke faɗawa. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban kaso na albashin duk mai fitowa daga Mararaba ko Suleja ko Gwagwalada zuwa cikin Abuja. Don gudun wannan, wasu ma'aikata kan zaɓi kwana a wurin aiki, daga nan kuma iyaka tsakanin lokacin aiki da na hutu ta ɓace: wadda take kwana a ɗakin da ke kusa da na tsofaffi, ko ba ita ke duti ba, ita za a tasa. Mafi yawansu mata ne, masu 'ya'ya da nasu iyayen da ke jiran kulawa a gida.

Ga kuma ƙaura. A farkon 2024 Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta bayyana cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Lokacin da Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga masu kula da tsofaffi a 2022, 'yan Najeriya na cikin waɗanda suka fi tururuwa. Ko da yake ta hana su tafiya da iyalansu a watan Maris na 2024, ta kuma rufe ɗaukar sababbi daga ƙetare a watan Yulin 2025, darasin yana nan: aikin da ake raina wa a gida, wata ƙasa ta ga darajarsa har ta nemi masu yin sa daga nesa. Duk wanda ya tafi, aikinsa kan waɗanda suka rage yake komawa.

Abin takaici, dokokin da za su rage wannan wahala suna nan a rubuce. Sashe na 17 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati manufar kare lafiya da walwalar duk mai aiki, da kare tsofaffi daga sakaci. Dokar Ƙwadago ta tanadi takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da ɗaukar ma'aikaci, da hutun awa ɗaya ga wanda ya yi aikin awa shida ko fiye, da kwana ɗaya cur a kowane mako, da aƙalla kwana shida na hutun shekara. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke aiwatarwa da gudummawar kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi daga mai ɗaukar aiki, ta amince da matsin ƙwaƙwalwa da aiki ya haifar a matsayin abin da ake iya biyan diyyarsa. A 2018 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, a 2021 Majalisar Zartarwa ta amince da Manufar Ƙasa kan Tsufa, a farkon 2023 kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Abin da ya rage shi ne waɗannan takardu su isa ɗakin da ake aikin dare.

Matakin farko shi ne a san adadin gidajen. Ya kamata Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, tare da Hukumar Babban Birnin Tarayya da ma'aikatun jin daɗin jama'a na jihohi, su tabbatar kowane gida ya yi rajista, kuma sharaɗin lasisi ya haɗa da adadin ma'aikata gwargwadon yawan tsofaffi da tsananin larurarsu. Japan, wadda ta fi kowace babbar ƙasa yawan tsofaffi, ta ɗora ma'aunin ma'aikaci ɗaya ga kowane mutum uku a gidajen jinya na musamman. Ba dole Najeriya ta kwafi wannan adadi ba, amma dole ta fitar da nata, ta kuma haramta barin mutum ɗaya shi kaɗai a aikin dare.

Na biyu, a tsara lokutan aiki a rubuce, a manna jadawalin inda kowa zai gani, a taƙaita yawan dararen da mutum zai yi a jere, a kuma ware wa masu kwana a gidan ɗakin hutawa da ba a tashin su idan ba duti suke ba. Jami'an sa ido na Ma'aikatar Ƙwadago, waɗanda aka fi sani da zagayen masana'antu, su sanya waɗannan gidaje cikin jerin wuraren da suke dubawa, su kuma gana da ma'aikata ba a gaban mai gida ba.

Na uku, horo da kayan aiki. Yawancin ciwon baya da ke korar masu wannan aiki daga ɗaga mutum ba bisa ƙa'ida ba yake fitowa. Gado mai ɗagawa, keken tura marar lafiya, safar hannu da ƙarfen riƙewa a banɗaki suna rage wahala ƙwarai. Haka nan wadda aka koya wa yadda gigin tsufa yake za ta fahimci cewa zagin da dattijo ya yi mata daga cutar ya fito, sai ya rage yi mata ciwo. Ƙwarewar da ake da ita a Cibiyar Kula da Lafiyar Tsofaffi ta Cif Tony Anenih da ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wadda aka buɗe a 2012, ta isa a gina horo a kanta. Takardar shaidar ƙwarewa da Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa ta amince da ita, wadda ke tafiya da ƙarin albashi da matakan girma, za ta mayar da aikin sana'ar da mutum zai yi alfahari da ita.

Na huɗu, a ba ma'aikata wurin faɗin damuwarsu. Zama na ɗan lokaci kowane mako tsakanin shugaba da ma'aikata, hutun kwana ɗaya ko biyu ga wadda tsohon da ta daɗe tana jinya ya rasu, da hanyar ganin likitan ƙwaƙwalwa cikin sirri, duk ba su da tsada. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa. Bai dace mai ba wasu magani kullum ta rasa kuɗin sayen nata ba. Iyalan tsofaffi ma suna da nasu rabon: biyan kuɗi a kan lokaci, yawan ziyara, da yi wa ma'aikata magana cikin mutunci.

Masu gidajen za su ce duk wannan kuɗi ne, kuma idan suka ƙara farashi iyalai za su janye. Maganarsu tana da tushe, musamman ga gidajen da sadaka ke riƙe da su. Sai dai rashin yin gyaran ma yana da nasa farashin: ɗaukar sabon ma'aikaci da koya masa aiki duk bayan 'yan watanni, kuɗin asibitin tsohon da ya faɗi, da zubewar suna. Inda gwamnati za ta shigo shi ne sassauta haraji kan kayan jinya, ɗaukar nauyin horo, da fara nazarin inshorar kulawa ta dogon lokaci, irin wadda Jamus ta kafa a 1995, Japan kuma a 2000. Haka kuma ya dace Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta sake duba togaciyar ma'aikata 25 a dokar albashi, aƙalla ga wuraren da rayukan mutane ke hannun ma'aikata.

Ma'aikatan tarayya da mataimakan masu riƙe da muƙamai su ne ke rubuta takardun da ministoci ke sanya wa hannu, su ne ke tsara kasafin kuɗi, su ne ke yanke wace takarda za ta hau teburin maigida yau, wace za ta jira. Kowannensu kuma yana da ranar ajiye aiki, idan ya cika shekara 60 a duniya ko 35 yana aiki, kuma babu wanda ya san hannun da zai ɗaga shi daga gado a ƙarshe. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shekaru goman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don tsufa cikin lafiya za su ƙare a 2030. Kafin lokacin, ya kamata a ce Najeriya ta yi wa gidajen tsofaffinta rajista, ta fitar da ma'aunin adadin ma'aikata, ta kuma tabbatar kowace mai wannan aiki tana samun kwananta ɗaya na hutu a mako kamar yadda doka ta tanada.