Wai Zuciya Ce Ta Ɗebe Shi

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a zaman sulhu na ikilisiyoyinmu. Magidanci ya lakaɗa wa matarsa duka har ta kwana uku ba ta iya ɗaukar tulu, dattawa su kira shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Zuciya ce ta ɗebe ni." Saurayi ya ɓata ƴar mutane, ya ce jini ne, haka Allah ya halicci namiji. Sai dattawan su dubi juna, wani ya ce ai hali zanen dutse ne, a juya wajen matar a ce ta yi haƙuri, a rufe da addu'a, kowa ya kama gabansa. Ni dai na ce wannan hujja ƙarya ce, masu karɓarta kuma suna da rabo cikin laifin.

Bari mu fara ba masu wannan magana abin da yake nasu. Gaskiya ne akwai abin da aka haife mu da shi, wanda masana suke kira ilhami. Ba wanda ya koya wa jariri shan mama, ko damƙe yatsan da aka sa masa a tafin hannu. Ɗan tsako bai taɓa ganin shirwa ba, amma kaza na yin kuka sai ya ruga ƙarƙashin fiffikenta. Mu ma haka muke. A shekarar 1915 wani masanin aikin jiki na Jami'ar Harvard a Amurka, Walter Cannon, ya bayyana abin da yake faruwa sa'ad da tsoro ko fushi ya taso. Wasu ƴan halittu da suke bisa ƙoda suna zuba wani sinadari cikin jini, ana ce da shi adiranalin. Nan take zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, jini ya tafi wajen hannuwa da ƙafafu, jiki ya shirya faɗa ko gudu. Duk wannan yana aukuwa tun mutum bai yi shawara ba. Shi ya sa manomi yakan yi tsalle tun bai tabbata ko maciji ne ko igiya ba. Wannan baiwar Allah ce, ba dominta ba da ƙaya da kububuwa sun gama da mu.

To, amma ƴan'uwa, ku amsa mini tambaya ɗaya. Mutumin nan da ya ce ba ya iya riƙe zuciyarsa, yaya yake yi idan jandarma ya zage shi a shingen hanya? Yakan tuɓe hula, ya yi murmushi, ya ce, "Ranka ya daɗe." Idan maigidansa na wurin aiki ya ci masa mutunci gaban jama'a, yakan haɗiye. Adiranalin ɗin nan yana gudu cikin jininsa a lokacin, zuciyarsa tana tafasa, amma hannunsa bai ɗagu ba. Sai ya komo gida, tuwo ya makara, a nan ne zuciya za ta ɗebe shi. Wace irin zuciya ce wannan mai sanin kaki, mai gane wanda ya fi ta ƙarfi? Fushin da yake zaɓen wanda zai faɗa wa yana da mahayi a kansa. Inda baki ya karkata, nan miyau yake zuba. Mutumin ya auna, ya ga a nan ba abin da zai biyo baya, ya saki linzami.

Allah da ya ba mu ilhami, shi ne ya ba mu linzamin. Masana sun nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa da yake bayan goshi shi ne yake auna abin da zai biyo baya, ya tsai da hannu. Ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, shi ya sa samari suke bukatar horo da manya kusa da su. Giya kuwa tana raunana shi. Wanda ya san haka ya tafi ya zauna gindin tukunyar burkutu, da ƙafarsa ya je ya kwance dokinsa.

Ku lura kuma, zafin nan na jiki ba ya daɗewa. Abin da yake kwana ya tashi, ya tara mutane, ya wasa makami, ya wuce ilhami, ya zama niyya. A shekarar 1991, a Toda cikin ƙasar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, mafi yawansu mata da yara na Fulani. Wa zai tsaya gaban waɗannan kaburbura ya ce zuciya ce kawai? Hujjar da muke karɓa a kan mace ɗaya cikin ɗaki, ita ce take girma ta cinye ƙauye.

Akwai waɗansu kuma a cikinmu da suka sa wa wannan ƙarya rigar ibada. Su ba su cewa jini ne, sai su ce Shaiɗan ne. A tara mutane a kwana ana tsawata wa ruhun fushi, gari ya waye mai laifin bai roƙi gafarar kowa ba, bai biya kuɗin magani ba. Shaiɗan yana jarraba, haka ne, amma hannun da ya ɗauki sanda na wane ne?

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye ƙarfin jiki ba. Yunwa ta sa Isuwa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda kwanon fate (Farawa 25), ba a kuwa wanke shi ba. Dawuda ya ɗauki mutum 400 da takuba zai hallaka gidan Nabal, Abigiyel ta tare shi a hanya da abinci da magana mai hankali, ya juya (1 Sama'ila 25). Bitrus kuwa, a dare ɗaya fushi ya sa ya sare kunnen Malkus, tsoro ya sa ya yi musun Ubangiji sau uku (Yahaya 18). Bitrus ɗin nan ne ya tsaya daga baya gaban majalisar Yahudawa, aka yi masa kashedi, bai ja da baya ba (Ayyukan Manzanni 4). In da hali zanen dutse ne, me ya kankare nasa? Me ya sa manzo Bulus ya lasafta kamunkai cikin albarkar Ruhu a Galatiyawa 5, in abu ne da ba ya yiwuwa?

Mun kuma gani da idonmu. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasu. Jinin kowane mai bi ya tafasa, amma shugabannin ikilisiya suka yi kira ga gafara, ba a ɗauki fansa ba. Wani zai ce tsoro ne, don ba mu da yawa. Tsoro yana iya ɗaure hannu, amma ba ya sa baki ya furta gafara. Akwai kuma maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista cikin gidajensu, alhali ilhami yana ce musu su rufe ƙofa su tsira da ransu. Waɗanda suka iya wannan a ranar wuta, za su ce sun kāsa a kan gishirin miya?

Saboda haka ina roƙon dattawa da fastoci da masu koyarwa, a daina karɓar wannan hujja. Wanda ya ce zuciya ta ɗebe shi, a tambaye shi sau nawa ta ɗebe shi gaban mai iko. A sa shi ya faɗi laifinsa da sunansa, ya roƙi gafarar wadda ya cuta gaban shaidu, ya biya abin da ya ɓata, a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji har a ga tuba. Kada a mai da mace gidan da ranta yake cikin hatsari da sunan haƙuri. A koya wa yaranmu tun suna ajin baftisma su gane alamun jiki: in ƙirji ya fara bugawa, hannu ya dunƙule, a fita waje, a yi addu'a, a bar magana sai an huce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dabba ba ta da ranar shari'a, gama ba ta da zaɓi. Mu kuwa za mu tsaya gaban kursiyin Almasihu, kowa ya ba da lissafin abin da ya yi da jikinsa. Allah ya ba mu ikon riƙe linzami. Amin.