Darajar Wasannin Moliya Ga Ɗalibin Hausa

Garin Babban Mutum, cikin Ƙaramar Hukumar Ɓaure a masarautar Daura, yana bakin iyakar Nijeriya da Nijar ne. Da an tsallaka sai ƙasar Magarya, inda Hausawa 'yan'uwanmu ke karatun boko da Faransanci. Duk da wannan kusanci, da wuya ɗalibinmu na Hausa ya san wani abu game da wasan kwaikwayon Faransa. A ganina wannan giɓi ne da ya kamata kwalejojin ilimi su cike, musamman ta hanyar ayyukan Moliya (1622–1673), domin jigoginsa su ne namu: soyayya da aure da abin da jama'a ke ɗora wa mutum.

A wasansa L'Avare (1668), wato Marowaci, attajiri Harpagon ya ƙudura aurar da 'yarsa ga wani dattijo don kawai ya amince zai karɓe ta ba tare da dukiyar rakiya ba. Shi kuma uban yana neman yarinyar da ɗansa ke so. A Faransa ta wancan zamani iyayen amarya ne ke biyan wannan dukiya. Duk uban da kayan ɗaki da gara suka hana shi barci zai gane lissafin Harpagon, ko da bai yarda da shi ba. A L'École des femmes (1662) kuwa, wani magidanci ne ya sa aka raini yarinya cikin jahilci don ta zame masa mata mai biyayya, amma ta ƙare da son saurayi sa'anta.

Idan aka ɗora waɗannan kusa da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, ko Uwar Gulma na Mohammed Sada, ko Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, ɗalibi zai ga yadda marubuta daga al'ummu mabambanta suka tunkari aure da kwaɗayi da yaudara. Zai kuma lura da bambancin dabara: namu sun fi karkata ga nuna mummunan ƙarshen mai laifi, Moliya kuwa yakan mayar da shi abin dariya har mai kallo ya ji kunyar yin irin halinsa.

Wasu za su ce al'adun Turawa ne, kuma suna iya gurɓata tarbiyya. Wannan damuwa tana da tushe, domin akwai abubuwan da ba su dace da addini da al'adarmu ba. Sai dai Abubakar Imam ya riga ya nuna hanya a Magana Jari Ce, inda ya ɗebo labaran Larabawa da Indiyawa da Turawa ya sa musu rigar Hausa.

Saboda haka, ya dace sassan Hausa da na Faransanci su haɗa kai su fassara ko da wasa ɗaya, ɗalibai su gabatar da shi a dandamali. Malamin da zai koyar a garin iyaka irin Babban Mutum ya fi kowa buƙatar wannan sani.