Wasannin 2024 a Gatawa: abin da bai shiga Xender ba ya ɓace

Duk ƙarshen shekara shafukan wasanni kan fito da jerin abubuwan da ba za a manta da su ba. Na 2024 an san su. Akwai daren 7 ga Fabrairu a Bouaké, inda Stanley Nwabali ya tare bugun fenariti biyu na Afirka ta Kudu, Kelechi Iheanacho ya buga na ƙarshe, Najeriya ta wuce wasan ƙarshe na kofin Afirka. Akwai ƙwallaye uku da Ademola Lookman ya zura wa Bayer Leverkusen a Dublin ranar 22 ga Mayu, Atalanta ta ɗauki kofin Europa. Sai 'yan matan D'Tigress da suka kai zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik ta Faris, abin da wata tawagar kwando daga Afirka ba ta taɓa yi ba.

Masu haɗa irin wannan jeri sun ɗauka kowa ya kalla kai-tsaye. Matashin da ke Gatawa, ko Sabon Birni, ko Isa, ya san ba haka ba ne.

Wasan ƙarshe da Kwadebuwa ta ci Najeriya 2 da 1 ranar 11 ga Fabrairu, ƙarfe tara na dare aka take shi. A garin da mutane ke shiga gida da wuri saboda 'yan bindiga, zaman gidan kallo har sha ɗaya na dare ba ƙaramar kasada ba ce. Kallo ta waya kuma yana son abu uku a lokaci guda: sabis mai ƙarfi, caji, da data. Wasan minti 90 da hoto mai ɗan kyau kan lashe fiye da gigabait ɗaya. Kuma yanki ne da ya taɓa ganin an ɗauke sabis ɗungurungum, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sokoto a Satumban 2021, har da Sabon Birni da Isa.

To ta ina ƙwallayen Lookman suka shigo? Ta guntun bidiyo. Wani ya samu sabis ya sauke daƙiƙa 30 daga WhatsApp ko TikTok, 'yan megabait kaɗan, ya kai wajen mai cajin waya, aka kunna Xender. Xender ba ya cin data, waya ce ke buɗe wa waya Wi-Fi nata, don haka bidiyo ɗaya sai ya zagaye majalisa ba a kashe ko sisi ba. Wannan dabara ce mai kyau, ba abin raini ba.

Sai dai tana da illar da ba a cika lura da ita ba. Abin da ya dace da daƙiƙa 30 shi kaɗai ke tsira. Bugun Iheanacho ya tsira. Amma abin da ya sa wasan ya zama na tarihi, wato yadda Osimhen ya ci ƙwallo ana murna, VAR ta soke ta, aka koma can baya aka ba Afirka ta Kudu fenariti, Teboho Mokoena ya farke, wannan sai wanda ya bi wasan a rediyo ko ya zauna ya kalla zai iya ba da labarinsa yadda ya kamata. (Rediyon ma, a faɗi gaskiya, yakan riga mai kallo ta intanet ihun "ta shiga", don bidiyon intanet kullum yana baya da 'yan daƙiƙoƙi.)

Babbar asarar kuwa ta gida ce. Ƙwallon Lookman tana ajiye a rumbun UEFA, ko bayan shekara ashirin za a same ta. Kokowar takobi ta Nijar, wadda Gobirawan iyaka ke bi kamar tasu, tana da gidan talabijin na ƙasa da ke ɗaukarta, shi ya sa kayen Issaka Issaka na Dosso bai ɓace ba. Amma damben bayan girbi fa? Ko wasan ƙarshe na kofin unguwa da aka samu aka buga a Isa ko Sabon Birni cikin shekarar da Gatawa ta yi rashin Sarkin Gobir Isa Muhammad Bawa a hannun masu garkuwa? A irin wannan shekara, yara su taru a fili su buga ƙwallo har a tashi lafiya, ya fi abin Dublin nauyi. Wani ya ɗauka a waya, ya sa a sitatus, bayan awa 24 ya goge. Wanda ke cikin wayar kuma, ranar da ta ce wuri ya cika, shi ake fara sharewa, a bar na Ronaldo.

Masu haɗa manhaja na Arewa sun fi karkata ga kwaikwayon manhajojin sakamakon gasar Firimiya, alhali akwai irinsu birjik. Wadda babu ita ce ƙaramar manhaja da ke aiki ba sabis, mutum ya rubuta su wa suka buga, a wane gari, wace rana, ya liƙa bidiyo ko murya, ta jira har sabis ya dawo sannan ta tura. Ba ta fi ƙarfin mai koyon Android na wata shida ba.

Kafin a samu mai yi, wanda ke da irin wannan bidiyon ya cire masa sunan da kyamara ta ba shi, ya sa gari da kwanan wata, ya mayar da shi kan memori, sannan ya tura wa mutum biyu a matsayin fayil, don kada WhatsApp ya matse hoton.