Daga Jos zuwa Kano: sai ka bi ta Legas?

Yau kan maganar jirgin sama zan yi tsokaci, don abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mahaifina ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda yake sarowa daga Kantin Kwari a Kano ya kawo Jos. Yanzu girma ya zo, ga ciwon baya, duk ranar da ya dawo daga wannan hanya sai ya kwana biyu bai fita shago ba. Wanda ya san hanyar ya san abin da nake faɗa: ka tashi daga tashar Bauchi Road, ka bi Jengre, Saminaka, ka ratsa dajin Falgore kana addu'a, sannan Tudun Wada har Kwanar Dangora. Kilomita wajen 300, amma awa biyar ba ta cika isa ba.

To ni da ɗan karambanina sai na ce, "Baba, wannan karon jirgi za ka hau." Na duba taswira. Daga filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang zuwa filin Malam Aminu Kano, a miƙe kilomita kamar 270 ne. Jirgi ba zai kai awa guda a sama ba.

Da na je neman tikiti sai aka ce mini babu mai zuwa Kano kai tsaye, sai dai ya sauka Legas ya canza wani. Ku yi lissafi da ni. Jos zuwa Legas kilomita kusan 700, Legas zuwa Kano sama da 800. Wato mutum ya yi kilomita 1,500 a sama, ya biya tikiti biyu, ya yi zaman jira a Ikeja, don ya je garin da ke bayan gidansa! Shi kansa Heipang ɗin kudu yake da Jos, a ƙaramar hukumar Barkin Ladi, Kano kuwa arewa. Tun kafin ka ga jirgin ka fara ja da baya.

Baba dariya kawai ya yi, ya ce da can ba haka ba ne. Jirgin kamfanin EAS da ya faɗi a unguwar Gwammaja ranar 4 ga Mayu 2002, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, daga Jos ya ɗebo fasinja ya sauka Kano kafin ya tashi zuwa Legas. Ashe akwai lokacin da ake wannan tafiya.

Na san abin da za a ce: babu riba, fasinja ba su da yawa. Akwai gaskiya a ciki, don yawancin masu zuwa Kwari ba za su iya kuɗin jirgi ba, kuma dilar atamfa ba ta shiga jakar hannu. Amma ba kowa ke ɗauke da kaya ba. Akwai tsofaffi, akwai marasa lafiya masu zuwa asibiti a Kano, akwai masu tashi zuwa Umara daga can. Ƙaramin jirgi mai farfela, ko sau biyu ne a mako, ni dai a ganina zai samu mutane.

Ranar Litinin da asuba na raka Baba tasha. Na biya masa kujerar gaba shi kaɗai, na sa masa matashi a baya, ya ce in kula da shago.