RA'AYINMU: KADA LISSAFI YA KWANA A WURI ƊAYA

Da yawa daga cikinmu 'ya'yan 'yan kasuwa ne, kuma da ribar kanti ake biya mana kuɗin makaranta. Saboda haka batun adana lissafin ciniki ya shafe mu duka, ba 'yan sashen akanta kaɗai ba.

A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Idan irin wannan masifa ta auku, hankalin jama'a kan tafi ga hajar da ta ƙone, alhali kuwa haja ana iya sake sarowa in an sami jari. Littafin bashi ne ba a sayar da shi a ko'ina. Ɗan kasuwar da ya bar nasa a cikin shago, wuta ta haɗa da shi, to ya koma sai abin da masu bashi suka ga dama suka tuna. Waɗanda ke binsa kuwa, nasu littafin yana nan lafiya lau.

Wasu na ganin kwamfuta ta kawo ƙarshen wannan damuwa. Muna roƙonsu su dubi abin da ya sami Maersk, babban kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Denmak. Ran 27 ga Yuni 2017 wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa suna NotPetya ta ɓulla a Yukren, kuma ta cikin wata manhajar lissafi da haraji mai suna M.E.Doc ta shiga. Cikin ɗan lokaci ta durƙusar da kwamfutocin Maersk a duniya, har sai da aka sake gina kimanin 45,000. Kamfanin yana da kwafi da yawa na kundin da ke tantance masu shiga na'urorinsa, amma da yake duk a haɗe suke da juna, tare suka mutu. Guda ɗaya tak ya tsira, a ofishinsu na Ghana, domin an ɗauke wutar lantarki a can kafin cutar ta iso. Ta Nijeriya aka bi da faifan zuwa Ingila. Duk da haka asarar ta kai wajen dala miliyan 300. Mu da muka san ɗaukewar wuta muna iya yin dariya, amma babu mai hankalin da zai jingina dukiyarsa ga irin wannan katari.

Ka'idar da masana suka daɗe suna bi ba ta da wuya: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Mu a ganinmu sharaɗi na ƙarshe shi ne mai nauyi. Filashin da ke maƙale a jikin kwamfuta dare da rana, ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su, cuta ɗaya ce za ta ci su. Har wa yau, tilas ne a riƙa buɗe kwafin lokaci lokaci a ga ko yana karantuwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Lokacin da dogon benen kamfanin sadarwa na NET ya kama wuta a Legas cikin Janairu 1983, mutane da yawa sun yi zargin an cinna ta ne don a ɓoye almundahana. Inda aka san lissafi yana da kwafi a wani gari, ƙona ofishi ba zai amfani maciyin amana da komai ba. Dokar kamfanoni ta Nijeriya ma ta wajabta a ajiye takardun lissafi har shekara 6.

Hutu ya gabato. Muna kira ga kowane ɗalibin da gidansu ke ciniki ya zauna da mahaifinsa ko yayansa, cikin ladabi, ya nuna masa yadda za a riƙa ɗaukar hoton shafin ranar da waya kowace yamma kafin a rufe shago, a tura wa amintacce a gida, littafin watan da ya wuce kuma a daina barinsa a kasuwa.