Sankarar Bakin Mahaifa Ba Iri Ɗaya Ba Ce

Jama'a da dama sun ɗauka da zarar likita ya ce mace tana da sankarar bakin mahaifa, shi ke nan an gano ciwo. To, da sauran aiki. Sai an tsinko 'yar tsoka kamar ƙwayar dawa daga wurin, an kai ta ɗakin bincike, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi. Can ake yanka ta siriri, a rina, a duba da madubin likita, sa'an nan a san wace iri ce.

Akasarin wannan sankara ƙwayar cutar HPV ke haddasa ta, wato wadda aka soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta a watan Oktoba na 2023, har da Jihar Bauchi a sahun farko. Amma a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa ciwon gida biyu, da mai nasaba da ƙwayar, da wanda babu ruwansa da ita.

A kashi na biyun akwai wata iri, ba ta da yawa, amma makira ce. A madubi tsokarta ta yi kama da ta tumbi, wani lokaci ma sai ta yi kamar lafiyayya, har ta kan ruɗi gwanaye. Ta kan ɓuya can cikin wuyan mahaifa, gwajin HPV kuwa ba ya nuna ta. Sau da yawa alamarta ita ce ruwa tsararo mai yawa da ke zubo wa mace ba ƙaƙƙautawa. Saboda haka matar da ke ganin wannan, ko da an ce gwajinta ya fita lafiya, wajibi ne ta koma wurin likitan mata.

Akwai kuma wata mai ƙananan ƙwayoyi, mai saurin bazuwa zuwa hanta da huhu. Ita wannan fiɗa kaɗai ba ta isar mata, sai an haɗa da magungunan sankara tun da wuri.

Abin takaici shi ne maigidan da zai kawo iyalinsa tun daga Ningi ko Misau, a ɗebi tsoka, ya koma gida bai waiwayi sakamako ba. Alhali kuwa takardar nan ce za ta nuna wa likita ko fiɗa za a yi, ko gashi, ko magani ta jijiya.