Cin Gari Daban, Riƙe Shi Daban

Duk wanda ya bar Azare ya nufi Shira zai hangi duwatsu tun daga nesa, sun tsaya tsakiyar fili kamar masu gadi. Shira tsohon gari ne ƙwarai. Tun kafin a kafa Katagum, akwai sarauta a Shira da Tashena da Auyo. Ƙasashen nan uku ƙanana ne, kuma suna zaune tsakanin manya biyu: Kano a yamma, Borno a gabas. Wanda ke zaune tsakanin giwaye biyu dole ya iya takunsa.

Mutanen Shira sun iya. Sun bi Borno, suna kai mata gaisuwa. A ɗaya gefen kuma, littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki a ƙarni na 15, ya auri 'yar Sarkin Shira. Irin wannan aure ba na soyayya kaɗai ba ne. Sarki ba ya saurin kai wa surukinsa hari. Da haraji da auratayya ƙaramar ƙasa ta daɗe a wurin da ƙarfinta bai isa ya tsare ta ba.

Na kawo wannan ne domin ina ganin akwai gyara a yadda muke ba yara labarin yaƙi. Mun fi son labarin ranar da aka ci gari: an fasa ƙofa, sarki ya gudu, an buga tambari. Abin da ya biyo baya kuwa, sai mu taƙaita shi cikin layi ɗaya. A ganina, a wannan layin ne darasin yake. Tarihin Katagum shaida ne.

Bayan an fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804, Malam Ibrahim Zaki ya karɓi tuta. Ya ci Shira da Tashena. Daga nan ya ɗaga ido zuwa Birnin Gazargamu, hedikwatar Borno, wadda ta yi fiye da shekara 300 tana riƙe da daula. Gwani Muktar ya riga shi shiga birnin a 1808, amma bai daɗe ba aka ƙwace, shi kuma ya rasa ransa. Wajen 1812 Malam Zaki ya sake cin birnin. Wannan babbar nasara ce, kuma har yau sunan Sarkin Borno yana tare da tarihinsa. Amma shi ma bai zauna ba. Ya komo yamma, ya gina garin Katagum a bakin kogin Jama'are, ya rasu a 1814.

Me ya sa bai zauna ba? Ba don rashin jarumtaka ba. Gazargamu tana da nisan kusan kilomita 180 daga Katagum. Doki yana bukatar hatsi da ruwa kullum. Yawancin mayaƙan wancan zamani manoma ne da makiyaya. Idan damina ta kawo kai, hankalin kowa yana komawa gona. Ga shi kuma mutanen ƙasar ba su ba da zuciyarsu ba, sun taru a bayan wani malami, Shehu Muhammadu Al'amin Alkanemi, wanda muke kira Shehu Laminu. A wannan shekara ta 1812, can a Turai, Napoliyon na Faransa ya shiga Mosko da babbar runduna, ya zauna kimanin mako biyar, ya fita ba tare da Rasha ta miƙa wuya ba. Ƙasashen sun yi nisa da juna, amma matsalar iri ɗaya ce.

To, sai mu duba ganuwa. A watan Janairu na 1824 wani Bature, Hugh Clapperton, ya sauka Katagum a zamanin Sarki Ɗankawa. Abokin tafiyarsa, Likita Oudney, ya rasu a Murmur, kusa da garin. Clapperton ya ga ganuwa biyu masu tsawon ƙafa 20, da ƙofofi huɗu, da ramuka kewaye da su. Ya ce tun da ya baro Tarabulus bai ga gari mai tsaro kamarsa ba. An kuma gaya masa ƙasar na iya fitar da mahaya 4,000 da dakaru 20,000. Shekara biyu zuwa uku bayan haka, Shehu Laminu ya taso da rundunar Borno ya nufi Kano, kuma wannan ganuwa ba ta tare shi ba. Katagum ta faɗa hannunsa.

Wanda ya juya yaƙin shi ne Sarkin Bauchi Yakubu. Ya taho da mutanensa daga kudu, aka haɗu a Fake, Borno ta ja da baya. Wato abin da ya mayar wa Katagum ƙasarta shi ne maƙwabcin da ya amsa kira. Wannan amana kuwa an ƙulla ta tun kafin ranar wuya, domin tutar Bauchi da ta Katagum daga hannu ɗaya suka fito.

Akwai kuma wani fage da ba a cika ambata ba, fagen alƙalami. Tun ana tsakiyar yaƙe-yaƙen farko, Shehu Laminu ya rubuta wasiƙu zuwa ga shugabannin jihadi, yana tambayar dalilin yaƙar Borno alhali mutanenta Musulmi ne. Muhammadu Bello ya ba shi amsa da nasa hujjojin, ya kuma adana wasiƙun cikin littafinsa Infaƙul Maisuri. Ba wanda ya shawo kan wani. Duk da haka, abokan gaba biyu sun ci gaba da aika wa juna manzanni, kowa ya san tunanin ɗan'uwansa. Bayan Fake, kowane ɓangare ya gane iyakar ƙarfinsa, aka zauna da iyaka tsakanin dauloli biyun. Bello ya rasu a 1837 ba tare da an sake irin wancan babban karo ba.

Mai karatu na iya cewa: ai in ba don takobin Yakubu ba, da babu wasiƙar da za ta ceci kowa. Gaskiya ne, ban musa ba. Wanda ba shi da ƙarfi ba a cika sauraron maganarsa ba. Abin da nake cewa shi ne, takobi ya yi aikinsa cikin yini ɗaya, amma zaman da ya bar manomin Shira ya yi shuka ya girbe ya ɗauki shekaru ana lallaɓa shi, kuma ba wanda ya yi masa kirari. Idan zaman ya lalace, ganuwa ba ta maye gurbinsa. An ga haka lokacin da Sarkin Haɗeja Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye. Har zuwa rasuwarsa a 1863, ƙasar Katagum ta sha hare-hare, ba daga baƙo ba, daga maƙwabcin da suke ƙarƙashin tuta ɗaya.

Saboda haka ina roƙon malamai, idan sun zo kan wannan babi, su ƙara wa ɗalibai tambayoyi. Bayan "wa ya ci?", a tambaya: kwana nawa ya riƙe? Wa ya ciyar da dawakinsa? Wa ya kawo masa ɗauki, kuma me ya sa? Turawan Ingila sun karɓi Katagum a 1903, kuma a 1916 aka mayar da fadar sarki Azare, aka bar garin da Clapperton ya yaba wa ganuwarsa. Wannan ma ya cancanci a tambayi ɗalibi dalilinsa.